Wai da gaske ne ana kunna wuta a kan daskararren tafki?

Abba Ƙarami:
Assalamu alaikum jama'a. Yanzu na kalli wani bidiyo: wata mata a Alaska ta durƙusa a kan tafkin da ya daskare, ta huda ƙanƙarar da ƙarfe, wani ya kara wuta, sai ga harshen wuta ya tashi ya fi tsayin mutum. A ƙasan bidiyon an rubuta wai ƙasar can ce ke narkewa, kuma wai bom ne da zai tashi da duniya. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Yaya Nura, kai da kake zaune cikin ƙanƙarar, zo ka fitar da mu daga duhu.

Alhaji Sani:
Wuta a kan ruwa? Abba, ka rage kallon wayar nan da dare.

Nura Yakutsk:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi haƙuri, wannan karon ƙanena yana da gaskiya, ko da rabi ce. Bidiyon ba haɗi ba ne. Akwai wata malama a Jami'ar Alaska da ke Fairbanks, Katey Walter Anthony, ta daɗe tana wannan aikin da ɗalibanta. Abin da ke kamawa iskar mitan ce, ita ce dai wadda ake ɗura wa motocin CNG a gida yanzu. Daga gindin tafkin take tasowa, in saman ruwan ya daskare sai ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara. Ka huda, ka kara wuta, ta kama.

Amma bari in faro daga tushe. In aka ce ƙanƙara, hankalinmu kan tafi ga farin nan da ake gani a hoto. Waccan dusar ƙanƙara ce, tana zuba ta narke duk shekara. Wadda ake magana a kai tana ƙarƙashin ƙafa. Ƙasar ce da kanta, yashi da laka da tsakuwa da saiwoyi, ta daskare ta koma kamar kankare. Masana sun ce in ƙasa ta yi shekara biyu a jere ba ta haura digiri sifili ba, ta shiga sahu. Ta nan inda nake, birnin Yakutsk a Siberiyar Rasha, ta yi dubban shekaru a haka. Kusan kashi biyu cikin uku na Rasha a kanta yake zaune, haka mafi yawan Alaska, da kusan rabin Kanada, da tudun Tibet. Mita ɗaya ko biyu na sama ne kawai ke narkewa lokacin zafi ya sake daskarewa, shi ya sa ake da daji da ciyawa, har dankali ana nomawa. Daga nan zuwa ƙasa kuwa tauri ne zalla.

Akwai wata rijiya a cikin garin nan da ake kai baƙi su gani. Wani ɗan kasuwa, Fyodor Shergin, ya fara haƙa ta a 1828 yana neman ruwan sha. Aka yi ta haƙa har 1837, aka kai mita 116, ba a ga ruwa ba, ba a kuma fita daga daskararriyar ƙasa ba. A arewacin Siberiya akwai inda kaurinta ya kusa mita 1,500.

Isufu Damagaram:
Mita 116 babu ruwa! Mu nan Damagaram mun san wannan baƙin cikin, sai dai mu dutse ke tare mu.

Malam Haruna:
Nura, Allah ya yi maka albarka. Na ji an ce Rashawa na kiranta daskarewar har abada. Haka ne?

Nura Yakutsk:
Haka ne Malam, bechnaya merzlota suke cewa a bakin titi. Amma masanansu sun fi son cewa "mai shekaru da yawa".

Malam Haruna:
Sun kyauta da suka gyara. Babu mai dawwama sai Allah.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Ni fa ban yi bokon ba, amma shekarata goma sha huɗu ina sayar da ƙanƙara, don haka ku bar ni in sa baki. Ƙanƙara ba rana kaɗai ke kashe ta ba, tsiraici ke kashe ta. In na naɗe ta da buhu na zuba garin katako, tana kaiwa la'asar a watan Azumi na bazara. In yaro ya yaye buhun ya manta, kafin azahar ta zama ruwa. Ɗana Nura, ita taku mene ne buhunta?

Nura Yakutsk:
Hajiya, wallahi kin yi tambayar da malamanmu suke buɗe darasi da ita. Buhunta shi ne daji, da gansakuka mai kauri da ke shimfiɗe a ƙasa kamar katifa, da ruɓaɓɓen ganye da ya taru. Duk inda aka yaye wannan, sai ta fara zubewa.

Ga misali. Kusa da garin Batagay, a gundumar Verkhoyansk, an sare daji a shekarun 1960. Rana ta samu hanya. Abu ya fara kamar ɗan kwazazzabo, yau ramin ya kai kusan kilomita ɗaya a tsayi, zurfinsa ya doshi mita 100, kuma duk shekara bangonsa na ci gaba da zubewa mita goma ko fiye. Da zarar bangon ƙanƙara ya fuskanci rana, shi ke nan, abin da ya narke ya gangara, sabon bango ya bayyana, shi ma ya narke. A can gindin ramin an auna ƙasar da ta yi shekara 650,000 a daskare. A 2018 an ciro ɗan doki daga ciki da fatarsa da gashinsa da kofatonsa, ya yi shekara kusan 42,000 da mutuwa.

To ga yaye buhu, ga kuma zafi ya ƙaru. Yankin Aktik, wato can ƙarshen arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. Garin Verkhoyansk ɗin nan, da ya taɓa ganin digiri 67 ƙasa da sifili, ranar 20 ga Yuni 2020 ya ga digiri 38. Zafin Kano a watan Maris ke nan.

Injiniya Bala:
Tsaya Nura, ni ginin ne ya dame ni. Ƙasa mai ƙarfin kankare ai abin so ce ga magini. Ina matsalar? Kuma ya kuke zuba fandesho?

Nura Yakutsk:
Yallaɓai Injiniya, matsalar gidan ne da kansa. Gida a nan dole a ɗumama shi wata bakwai ko takwas a shekara. In ka ɗora shi kai tsaye a ƙasa, zafinsa zai narkar da abin da yake zaune a kai, ya nutse da kai. Shi ya sa manyan gine-ginen Yakutsk, birni mai mutum sama da 300,000, a kan ginshiƙan kankare suke tsaye. Ana kafa ginshiƙi ya wuce inda narkewa ke kaiwa ya shiga daskararriyar ƙasa ta riƙe shi, a bar sarari tsakanin ƙasa da gidan don iska mai sanyi ta riƙa ratsawa. Ranar da na iso na ɗauka ba a gama ginin ba ne. Bututun ruwa da na ɗumama gari ma a sama suke bi, naɗe da auduga da kwano, su haura titi kamar ƙofar gari. Babban abokin gaba shi ne bututu mai yoyo a ƙarƙashin gini. Ruwan ɗumi ya yi ta ɗiga wuri guda, ginshiƙi ɗaya ya saki, sai ka ga bango ya tsage daga sama har ƙasa.

Injiniya Bala:
Yanzu na gane. Mu muna gudun danshi ya hau gini, su suna gudun zafi ya sauka ƙasa. Wannan ya tuna mini da bututun man Alaska da aka gama a 1977, tsawonsa kusan kilomita 1,300, fiye da rabinsa a sama aka ɗora shi, kuma a jikin ƙafafunsa akwai wasu bututai da ke zuƙo zafi daga ƙasa su fitar da shi lokacin sanyi, ba inji ba lantarki. Sinawa ma sun yi amfani da wannan dabarar a layin dogon Lhasa ta Tibet da aka buɗe a 2006, wanda wajen kilomita 550 nasa a kan irin wannan ƙasar ya bi. Amma duk lissafin an yi shi ne da sanyin da aka sani a lokacin. In sanyin ya ragu, lissafi ya tashi.

Abba Ƙarami:
Kun gani ko! Kuma na karanta a garin Norilsk na Rasha tankin mai ya fashe saboda narkewar, kogi ya koma ja wur.

Injiniya Bala:
Abba, a nan zan taka maka burki. Abin ya faru, ranar 29 ga Mayu 2020, dizal kusan tan 21,000 ya malale, ya shiga kogin Ambarnaya. Kamfanin Nornickel mai tankin ya fito ya ce narkewar ƙasa ce ta sa ginshiƙan tankin suka saki. Amma da hukumar sa ido ta Rasha ta yi bincike, sai ta samu kurakurai a ginin fandeshon da kuma sakaci wajen kula. Kotu ta ci su tarar rubul biliyan 146. Ni na san halin sana'armu: in gini ya faɗi, kowa ruwan sama yake nunawa da yatsa. Sauyin yanayi gaskiya ne, amma ya zama wa wasu faɗuwa ta zo daidai da zama.

Isufu Damagaram:
A dawo kan tafki don Allah. Ni abin da ya ɗaure mini kai, wani wuri na ji an ce tafkuna na ƙaruwa, wani wuri an ce suna ƙafewa. Wanne ne? Ko irin na Tafkin Chadi ne?

Malam Haruna:
Duka biyun ne Isufu, kuma ba irin na Chadi ba ne. Namu maganar ruwan sama ne da kogunan da ke ciyar da shi, musamman Shari da Logon. Nasu maganar gindin tukunya ce.

Ka ɗauki kwano ka cika shi da ƙasa da dunƙulen ƙanƙara, ka daidaita samansa. In ƙanƙarar ta narke, saman zai lotsa, domin ita ma wuri ta tare. A wasu sassan Siberiya da Alaska akwai wata irin ƙasa da ake kira yedoma, fiye da rabinta ƙanƙara ce tsantsa. In ta narke, fili ya faɗa, ruwa ya taru a lotsawar, kududdufi ya samu. Ruwa kuwa yana riƙe zafi fiye da ƙasa, don haka sai ya ci gaba da cin gefensa da gindinsa. In ya yi zurfi sosai, ko da sanyi ya zo saman ne kawai ke daskarewa, ƙarƙashinsa a narke yake shekara da shekaru. Kududdufi ya zama tafki.

To amma me ya hana ruwan tsiyayewa tun farko? Daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi, ita ce gindin tukunyar. Inda take da kauri, tafki sai ya yi ta faɗi. Inda ba ta da kauri, ranar da narkewa ta huda ta, ko gefen tafkin ya ɓalle zuwa wani kwari, ruwan ya tafi. Akwai tafkunan da suka tsiyaye cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa hotunan tauraron ɗan adam suka nuna can arewa sosai tafkuna na ƙaruwa, ta kudu-kudu kuwa inda ƙasar ta yi rauni suna ɓacewa.

Nura Yakutsk:
Malam ya gama magana. In ƙara da abin da na gani da idona. Irin wannan lotsawar in ta tsufa, tafkin ya ja baya ya bar fadama mai ciyawa a tsakiyar daji, mutanen Saka, 'yan asalin yankin nan, suna kiranta alas. Rayuwarsu kaf a kanta take. Makiyaya ne, shanu da dawaki suke kiwo, a alas suke yankan ciyawar da dabba za ta ci tsawon sanyi. Na je ƙauyen wani abokin karatuna na ga yadda suke tara harawa, na ce ashe Bafulatani ko'ina yana da ɗan'uwa. Wato narkewar da ta faru a hankali cikin dubban shekaru ita ta ba su makiyaya. Wadda ke faruwa da sauri yanzu ita ke ƙwace ta. A gundumar Churapcha akwai tsohon filin jirgin sama, a da shimfiɗe yake sumul, yau ya zama tuddai-tuddai kamar an jera kaburbura, da ramukan ruwa a tsakani.

Alhaji Sani:
To na ji, na kuma yarda akwai wuta a kan ruwa. Amma ni a ganina Rashawa murna ya kamata su yi. Ƙasa ta narke, a samu gona. Mu da hamada ke kora ai mu ne abin tausayi.

Nura Yakutsk:
Alhaji, wace tarakta ce za ta shiga filin da na kwatanta yanzu? Gonakin da aka share daji aka yi a da su ne ma suka fara lalacewa. A Alaska kuma akwai ƙauyen Newtok na mutanen Yupik, ƙasa ta yi laushi kogi ya yi ta cinye gaɓa, tun 2019 suka fara kwashe gari zuwa wani sabon wuri, Mertarvik. Gari guda fa, da makaranta da komai.

Abba Ƙarami:
Har yanzu ba a amsa mini maganar bom ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Bari in gwada, Malam ya gyara mini. Shekarar da ta wuce na cika firiza da naman layya, muka yi tafiya, aka ɗauke wuta kwana huɗu. Ba sai na faɗa muku abin da na tarar ba. Naman nan muddin yana daskare ba abin da ke taɓa shi. Ina jin ita ma ƙasar nan firiza ce, ɗan dokin nan da Nura ya faɗa shi ne shaida.

Malam Haruna:
Hajiya, babu abin gyarawa. Sai dai naman da ke cikin wannan firizar ciyawa ce da saiwa da ganye da kashin dabbobi na dubban shekaru, waɗanda sanyi ya hana su ruɓewa. An ƙiyasta kabon da ke cikinsu ya kai wajen tan biliyan 1,500, wato kusan ninki biyu na duk kabon da ke cikin iskar duniya yanzu. In ƙasa ta narke, ƙwayoyin halitta su farka su hau ci. Inda akwai iska, a busasshiyar ƙasa, abin da suke fitarwa kabon dayokzaid ne, iskar da ƙona mai ke fitarwa. Inda ruwa ya rufe babu iska, kamar gindin tafki, mitan ce. Duk wanda ya taɓa zungurar gindin kududdufin unguwa ya ga kumfa na tasowa, ya ga wannan aikin. Mitan kuwa ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba: cikin shekara 20 ta ninka kabon dayokzaid kusan sau 80, cikin shekara 100 kusan sau 30, sai dai ba ta daɗewa a sama kamarsa.

Ga inda tsoron yake: zafi ya narkar da ƙasa, ƙasa ta fitar da iska, iska ta ƙara zafi. Amma Abba, kalmar bom ba ta dace ba, kuma ina ganin tana ɓata magana. Tan biliyan 1,500 ɗin nan ba rana ɗaya zai fito ba, mafi yawansa ma ba zai fito a wannan ƙarnin ba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021 ya ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da duniya ta ƙara, wannan ƙasar za ta saki tsakanin tan biliyan 14 zuwa 175 na kabon dayokzaid. Mu 'yan adam kuwa kusan tan biliyan 40 muke fitarwa duk shekara. Ka ga har gobe mu ne manyan masu laifi.

Yadda nake kwatanta wa ɗalibaina: ka ɗauka an samu wata sabuwar ƙasa mai masana'antu da ta shigo cikin masu fitar da hayaƙi, amma ba ta da shugaba, ba ta zuwa taro, ba ta sa hannu a yarjejeniya. Masana'anta ana iya rufe ta da doka. Wannan in ta fara, ko an daina ƙona mai gobe, za ta ci gaba da tsiyaya ɗaruruwan shekaru.

Abba Ƙarami:
Malam, 14 zuwa 175? Wannan ai kamar a ce kuɗin mota zuwa Abuja tsakanin dubu ɗaya ne da dubu goma sha biyu.

Malam Haruna:
Ka yi gaskiya, tazarar tana da faɗi. Dalili shi ne narkewa iri biyu ce. Akwai ta sannu, daga sama zuwa ƙasa santimita kaɗan a shekara, wannan tana da sauƙin lissafi. Akwai ta farat ɗaya, irin ramin Batagay da gindin tafkuna, inda mitoci da yawa ke narkewa cikin ɗan lokaci, kuma yawancin manhajojin hasashen yanayi ba su iya kama ta da kyau ba tukuna. Ga gobarar daji da ke ƙone buhun Hajiya.

Injiniya Bala:
Amma Malam, in wuri ya yi ɗumi ai tsiro zai ƙaru, tsiro kuma yana shanye kabon. Ba za a tashi canjaras ba?

Malam Haruna:
Yana ragewa, ba ya biya duka. A Disamba 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta bayar da rahoton cewa filayen arewa marasa bishiya, da suka yi dubban shekaru suna ajiye kabon, yanzu in aka haɗa da gobara abin da suke fitarwa ya fi abin da suke shanyewa.

Nura Yakutsk:
Maganar gobara kuwa, waɗanda suka riga ni zuwa har yau suna labarin 2021. Miliyoyin hekta suka ƙone a jihar nan, hayaƙi ya rufe Yakutsk har aka dakatar da jirage, ya kuma kai har ƙuryar arewacin duniya.

Alhaji Sani:
Duk na ji. Tambayata ɗaya: me ya shafi mai shago a Kantin Kwari?

Anti Rabi Malamar Gona:
Alhaji, iska ba ta da biza. Abin da ya tashi a Siberiya cikin sama ɗaya yake shiga da wadda ke kanmu. Amma bari in ba ka wanda ya fi kusa. A tsibirin Svalbard na ƙasar Nowe akwai wani rumbun iri da aka haƙa cikin dutse, aka buɗe a 2008, inda ƙasashen duniya ke kai ajiyar irin shuka saboda ɓacin rana. An zaɓi wurin ne don ko injin sanyaya ya tsaya, daskararriyar ƙasa za ta riƙe. Cikin kayan farko da aka aika akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, samfur kusan 7,000 daga ƙasashen Afirka, har da irin wake. A ƙarshen 2016 aka yi ɗumi da ruwan sama da ba a saba ba, ruwa ya kutsa cikin hanyar shiga rumbun ya daskare a can. Bai kai ga irin ba, alhamdu lillahi, kuma gwamnatin Nowe ta sake gina hanyar. Amma ka ji, waken da muka kai ajiya ne ruwa ya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Alhaji Sani:
To fa. Wake kam ya shafe ni.

Dakta Zainab:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Tunda Abba zai zo da maganar tsofaffin cututtuka ko ba jima ko ba daɗe, bari in riga shi. Gaskiya ne an farfaɗo da wasu ƙwayoyin bairos daga wannan ƙasar a ɗakin gwaji a Faransa, ɗaya ya haura shekara 48,000, amma waɗanda aka farfaɗo ɗin ƙananan halittun ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya suke kamawa, ba mutum ba. Wanda ya faru da gaske ya kashe rai tsohuwar cuta ce da makiyayanmu suka sani, antaraks, ciwon saifa. A 2016 a yankin Yamal an yi zafi har digiri 35, cutar ta ɓarke cikin garken rendiya, wata dabba mai kama da barewa da mutanen Nenets ke kiwo. Dabbobi sama da 2,000 suka mutu, an kwantar da mutane da dama, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. Rabon yankin da cutar tun 1941. Ƙwayarta tana iya kwanciya a ƙasa shekaru da yawa, kuma ana ganin narkewa ce ta tono ta.

Amma ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa: an daina yi wa dabbobin allurar rigakafi tun 2007, don an ɗauka cutar ta tafi. A matsayina na likitar dabbobi wannan ne ya fi tsaya mini. Mu ma a 2023 an tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja, babu ƙanƙara babu komai.

Abba Ƙarami:
Na janye bom. Amma babu abin da za a iya yi a can ɗin?

Nura Yakutsk:
Don gini da hanya akwai, Injiniya ya faɗa. Don daji mai miliyoyin murabba'in kilomita kuwa babu injin da zai sanyaya shi. Akwai dai wani gwaji da zai ba ku dariya. Wani masani, Sergey Zimov, da ɗansa Nikita, sun killace fili kusa da garin Chersky a bakin kogin Kolyma tun 1996, suna tara dabbobi: dawaki, ɓauna irin ta can, shanun Tibet masu gashi, a 2021 har raƙuma masu tozo biyu suka kai. Hujjarsu ita ce dusar ƙanƙara bargo ce. In ta kwanta lufu-lufu, sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ba ya ratsawa ya shiga ƙasa. In dabbobi suka tattake ta suna tonon ciyawa, sanyi ya shiga sosai, ƙasar ta ƙara daskarewa.

Isufu Damagaram:
Raƙumi a ƙanƙara! A gaya wa mutanen Agadas kasuwa ta buɗe.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Tsaya, ashe buhu biyu ne. Na lokacin zafi a bar shi, na lokacin sanyi a yaye shi. Haka nake yi ai, ba na sa ƙanƙara a firiza da buhunta, sai zan fita da ita nake naɗewa.

Malam Haruna:
Daidai Hajiya. A cikin shingensu sun auna ƙasar ta fi sanyi inda dabbobi suka tattake. Amma a samo miliyoyin dabbobin da za su tattake Siberiya, wannan wani zance ne. Ni ina girmama mutumin, ban dai sa rai da raƙumansa ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Ɗana Nura, tambaya ta ƙarshe. Tunda rijiya ba ta ba da ruwa, mutanen ƙauye me suke sha?

Nura Yakutsk:
Hajiya, sana'arki suke sha. In sanyi ya kama, wajen watan Nuwamba, sai a je tafki da zarto a yanko ƙanƙara manya-manya kamar bulo, a jera a ƙofar gida, a riƙa ɗauka ana narkarwa. Ta lokacin zafi kuma akwai wani ɗaki da suke haƙawa a cikin daskararriyar ƙasa, buluus suke ce masa, nan ake ajiye ƙanƙarar sha da nama da kifi, ba wuta ba janareta. Akwai masu yankowa su kawo a mota su sayar. A gidan su abokina na shiga nasu da tsani a watan Yuli, waje ana gumi, ciki sai da na sa riga mai kauri. Mahaifinsa ya nuna mini bangon, ya ce a da ƙanƙara ce fari fat har bakin ƙofa, yanzu matakala uku na sama jiƙe suke, kuma bara sai da ya sauke naman zuwa can ƙasa.